Kaluluwar 1908 da Taswirar Zangunan Akra

Kowace uwa a Nima ko Maamobi, zangunan Akra, ta san kaluluwa. Yaro ya yi tuntuɓe a lungu, ɗan yatsan ƙafa ya fashe, bayan kwana biyu ya fara ɗingishi yana kuka da matsematsi, a taɓa a ji ƙullutu ya taso. Uwar da ta san abin da take yi ba ta tsayawa kan ƙullutun, ƙafar take dubawa, domin ta san can ciwon yake. Likitoci ma haka suka ce. A jikin mutum akwai ɗaruruwan ƙananan ƙulle-ƙulle, a wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki, aikinsu tace ruwan da ke tsatsowa daga tsoka kafin ya koma jini. In ƙwayar cuta ta shiga ta wata kafa, ƙullin da ya fi kusa shi ke tare ta, ya kumbura ya yi zafi. Shi ya sa ciwon haƙori ko na maƙogwaro ko makero ke kumbura wuya, ƙurji a hannu ko a nono ya kumbura hammata, miki a ƙafa ko ciwon sanyi ya kumbura matsematsi. Galibi da an magance tushen sai kumburin ya sace cikin mako biyu zuwa uku. Amma akwai shekarar da wannan ɗan ƙullutu ya rushe gidaje a Akra, ya tayar da unguwanni, ya watsa Musulmin garin zuwa wuraren da jikokinsu ke zaune har yau. Abin da nake gani a tarihin wannan shekara shi ne hukumar mulkin mallaka ta kasa yin abin da uwar nan ke yi. Ta ga cunkoson unguwannin talakawa ta kama shi da yanka, ta bar mikin da ya haifar da shi, kuma wannan ɗabi'a ba ta bi Turawa gida ba.

Kafin 1908 Musulmin Akra a cikin gari suke, kusa da kasuwa da bakin teku. Wasu tsofaffin sojoji ne da Kyaftin Glover ya ɗebo daga Legas don yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wasu fatake ne na goro da shanu, wasu mahauta, wasu malamai. Da Ingila ta mayar da hedikwatar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, sai garin ya ƙara jan baƙi. Malam Idrisu Naino ya sami fili daga sarakunan Ga, 'yan asalin Akra, a farkon shekarun 1880, aka kafa Zangon Malam, wurin da ake kira Zongo Lane yanzu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar Gwanja, fatakenta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da gaɓar teku, zangon Akra ya ƙara cika. Garin da suka shigo kuwa ba shi da ruwan famfo, ba shi da magudanar kirki. Ruwan sama ake tarawa a tanki da randa, ko a ɗebo daga kududdufi. Majalisar gari da aka kafa a 1898 ta dogara ne da harajin gidaje wanda mutanen Ga suka ƙi jini, kuɗin hannunta bai taka kara ya karya ba, ita kuma gwamnati ba ta da niyyar kashe nata kuɗin a unguwannin baƙar fata.

A wannan hali annobar da malamai ke kira ɗa'un ta iso. Tun 1894 ta fito daga kudancin Sin ta faɗa Hong Kong, inda Alexandre Yersin ya gano ƙwayarta a cikin kaluluwar gawarwaki. Daga nan jiragen ruwa masu tururi suka yi ta yawo da ita: Bombay a 1896, Cape Town a 1901, har ta kashe miliyoyi a Indiya. A 1898 Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙumar ɓera ce ke ɗaukarta, masu bincike a Indiya kuma suka tabbatar da haka wajen 1906. Yadda abin yake, ɓera ya kamu ya mutu, ƙumar ta rasa jinin sha ta koma kan mutum. Da yake ƙafa ta fi ciza, matsematsi ne ke fara kumbura, cikin kwana ɗaya zuwa bakwai, da zazzaɓi mai zafi da raɗaɗin da ba ya bari a miƙe ƙafa. In ba magani, tsakanin uku zuwa shida cikin goma ba sa tashi. In kuma ta kai huhu, ba ta ƙara bukatar ɓera ko ƙuma, tari kaɗai ya isa ya kai ta ga na kusa, kuma da wuya wanda ya kamu ya tsira. A watan Janairu na 1908 likitocin gwamnati suka tabbatar tana Akra, garin da mutanensa ba su wuce 30,000 ba. Kafin ƙarshen shekarar lissafin hukuma ya nuna mutum 344 sun kamu a Gwalkwas, kimanin 300 sun mutu, har da na ƙauyukan masunta da ke yamma kamar Nyanyano, inda masu gudu daga Akra suka kai ta.

Landan ta aiko Farfesa William Simpson, wanda ya yi shekaru yana jami'in lafiya a Kalkata, ya kuma yi aikin annoba a Cape Town da Hong Kong. Ya sauka a watan Fabrairu. Aka kewaye garin da 'yan sanda, aka hana fita sai da takardar shaidar an yi wa mutum allurar rigakafin Haffkine, aka keɓe marasa lafiya da iyalansu, aka shiga kashe ɓeraye, dubban mutane suka karɓi allura. Har nan babu abin zargi sosai. Hana fita daga garin da annoba ta sauka ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin hadisi ya zo da shi, kuma kowane ɗalibi ya san labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annobar Amwas. Abin da ya biyo baya ne ya canza fuskar garin. Aka yi ta yi wa gidaje alama ana rushewa a James Town da Ussher Town da wajajen zango, aka kwashe mutane zuwa sansanoni a bayan gari, sansanonin nan kuma suka zama unguwanni. Masuntan James Town aka tsallakar da su tafkin Korle zuwa Korle Gonno. Musulmi da yawa aka tura su arewa, can Tudu da Adabraka suka tashi. A tsakanin wannan shekara da 1912 Malam Bako, ɗan Malam Naino, ya ja mutanensa zuwa yamma ya kafa Sabon Zango. Turawa su ma sun tashi, amma zuwa tudun Ridge, inda aka ware musu fili mai iska da tazarar da doka ta hana baƙar fata yin gini a cikinta.

Tambayar ita ce, ina mikin yake? Annobar ba ta fara ɓulla a Salaga ko Kete-Krachi ko Kumasi ba, garuruwan da ayarin Hausawa ke ratsawa kafin ya iso teku. A bakin ruwa ta ɓulla, kamar yadda ta yi a Bombay da Cape Town da sauran tashoshin duniya a wannan zamani. Akra ba ta da tasha mai zurfi a lokacin. Jiragen kamfanonin Turai can nesa suke tsayawa, kwalekwale ya ɗebo buhunan shinkafa da fulawa ya zube a rumbunan 'yan kasuwa da ke James Town. Inda hatsi yake nan ɓera yake. Talakan da ke kwana a ɗakin ƙasa kusa da waɗannan rumbuna, ko yake dakon kayansu, shi ƙuma ta samu. Cunkoso ya taimaka, babu musu, musamman ga nau'in da ke bin tari. Sai dai shi kansa cunkoson yana da dalili: gari ne da aka mayar hedikwata shekara talatin da ɗaya ba a shimfiɗa masa bututun ruwa ba. Ruwan famfo daga Weija bai iso ba sai 1914, kuma annobar ce ta tsorata gwamnati ta motsa. Asibitin Korle Bu sai 1923. Simpson ya san da wannan, domin rahotonsa ya soki halin tsabtar garuruwan Afirka ta Yamma, amma maganin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne raba mazaunin Bature da na baƙar fata. A Cape Town ma haka aka yi a 1901, aka kwashe dubban 'yan Afirka zuwa Ndabeni. Faransawa suka maimaita a Dakar a 1914 suka kafa Madina. Inda aka ga abu ɗaya ya faru a birane uku ƙarƙashin tutoci biyu, da wuya a ce ɓera ne kaɗai ya yanke shawarar.

Mai kare Simpson zai ce, to ai aikin ya yi. Annobar ta mutu cikin shekara guda, ba ta zauna a Akra ba kamar yadda ta zauna a Bombay, kuma a zamanin da babu maganin kashe ƙwayar cuta, domin streptomycin sai shekarun 1940, me ake so likita ya yi? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na raina ta. Amma ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai matakan gaggawa: killacewa, allura, keɓe mai tari, kashe ɓera. Waɗannan su suka dace da yadda cutar ke yaɗuwa, musamman da yake kaso mai yawa na waɗanda suka mutu a Gwalkwas ta huhu ta kama su. Akwai kuma rusau da tayar da unguwa, wanda ya ci gaba bayan an daina binne gawa. Rushe gida ba ya kashe ɓera, korarsa yake yi zuwa maƙwabta da ƙumarsa a jiki. Kuma in da lafiyar mutanen da aka kwashe ce manufa, da an tarar da famfo da magudana da masai suna jiransu a sabon wuri. Abin da suka tarar fili ne da turakun awo. Shekaru da dama bayan haka Sabon Zango na cikin unguwannin da suka fi rashin waɗannan abubuwa, alhali da sunan tsabta aka raba mutanensa da tsakiyar gari.

Wani zai ce na mayar da labarin na Hausawa, alhali mutanen Ga ne suka fi mutuwa, su aka fi rushe wa gidaje, kuma Malam Bako yana da nasa dalilan na tashi. Duka gaskiya ne. James Town da Ussher Town su suka fi jin jiki. Zangon Akra kuma a lokacin yana fama da rigimar limanci da ta sarauta tsakanin Hausawa da Yarabawa da Fulani, ga Cif Braimah mutumin Ilori da tasirinsa a wurin gwamnati, ga wasu Hausawan da ba sa ga maciji da gidan Naino. Malam Bako ya nemi wurin da zai zama mai gida ba tare da kishiya ba, ya samu daga sarakunan Ga, ya raba filaye, ya naɗa masu unguwa. Mutanen zango ba tumaki ba ne da aka kora, sun yi dabara da abin da ya same su, wasu ma sun yi arziki da filayen. Amma wannan bai rushe hujjar ba, ƙara mata kaifi ya yi. Mutumin Ga da aka rushe wa gida yana da sarki da dangi da ƙasar kakanni, yana da lauyoyi 'yan garinsu da jaridun da ke kuka a madadinsa. Mutumin zango baƙo ne a idon doka ko da a Akra aka yanke masa cibiya, zamansa aro ne, takardar filinsa ta baka ce. Shi ya sa tashin da ya zo wa Ga sau ɗaya ya zama wa zango al'ada. Madinar Akra ta samu ne a 1959 bayan an tayar da mutanen Alhaji Seidu Kardo daga wajajen filin jirgin sama, Sabuwar Fadama kuma a zamanin Nkrumah, sannan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a ƙarshen 1969 ta tuna wa kowa matsayinsa.

Hujjar da ta fi nauyi a kaina ita ce ta Kumasi. A 1924 annobar ta dawo, kuma a wannan karon zangon Kumasi ne cibiyarta, har jami'an Legas suka danganta ɓullarta a can da fataucin goro daga Gwalkwas. Wato dai zango na iya zama gidan cuta, kayan fatake na iya ɗaukar ɓera. Na yarda. Ɗakin da aka jibge huhun goro da buhun dawa, mutum goma na kwance a gefe, aljannar ɓera ce. Amma a duba abin da aka yi a Kumasi bayan Dakta Selwyn-Clarke ya shawo kan annobar. An rushe tsohon zango, gaskiya, sai dai an gina sabo da gidajen siminti, aka kafa hukumar lafiyar gari a 1925, aka haƙa magudanu aka cike fadamu. A Legas ma annobar ce ta haifi hukumar tsara birni ta 1928. Wannan ya nuna gwamnati ta san maganin, kuma tana da kuɗinsa in ta ga dama. Abin da ke sa ta ga dama shi ne tsoro: jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da Akra tun 1923, koko na bin wannan hanya, kuma tashar da aka ce tana da annoba jiragen duniya ƙaurace mata suke yi.

A nan ne za a gane ma'aunin da ake auna cuta da shi. Murar 1918, wadda Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya yi wa waƙa, ta kashe dubun dubatar mutane a Gwalkwas, wasu masana tarihi na kai adadin 100,000, amma ba a tayar da unguwa ko ɗaya saboda ita ba. Tarin fuka kuwa ya fi annoba daɗewa yana cin mutane a ɗakunan haya na zango da ramukan zinariya na Tarkwa da Obuasi, inda leburorin arewa suka fi yawa. Shi ma yana da kaluluwarsa, wadda ke fitowa a wuya ba zafi, ta yi watanni tana girma, ƙulle-ƙullen su manne da juna, wani lokaci ta fashe ta yi ta tsiyaya. Wannan ba ta rufe tasha, ba ta hana koko fita, don haka ba a aiko farfesa daga Landan ba. Ciwon barci ma ta wuya ake gane shi. Tun 1803 likita Thomas Winterbottom ya rubuta daga Saliyo cewa masu sayen bayi na shafa ƙeyar mutum, in sun ji ƙullutu su ƙi saye. A shekarun 1930 jami'an lafiya sun yi ta jera mutane a arewacin Gwalkwas da ƙasar Zazzau suna shafa wuyansu, har aka tashi ƙauyuka a Anchau aka kafa Takalafiya. Talaka ya daɗe da koyon cewa hannun hukuma in ya taɓa wuyansa, ba lallai don amfaninsa ba ne. A Akra an ƙara masa da tankas, duba-garin da ke leƙa randar mata, in ya ga tsutsar sauro ya rubuta sammaci, alhali rashin famfo ne ya sa ake tara ruwan.

Ana iya cewa Nima da Maamobi ba su da hannu a wannan labari, tunda babu su a 1908. Nima ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami izinin zama daga gidan Odoi Kwao na Osu. Ta cika ta batse a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sansanonin soja da filin jirgin sama suka ja masu dafa abinci da masu wanki da 'yan gadi da leburori. Amma me ya sa can? Domin tana wajen iyakar majalisar gari. Dokokin gini da aka tsaurara bayan annoba sun sa ɗaki a cikin gari ya fi ƙarfin lebura, a bayan iyaka kuwa babu mai tambayarsa takarda, kuma babu mai kawo masa famfo. Kafin a shigar da Nima cikin birni a farkon shekarun 1950 gidaje sun riga sun cinye hanyoyi. Ƙidayar 2000 ta sami kusan mutum 70,000 a wurin. Babban kwatamin da ya ratsa tsakanin Nima da Maamobi ya yi shekaru a buɗe, titin da aka fasa ta tsakiyar unguwar a shekarun 1970 kuma ya fi amfanar mai wucewa da mota. Wannan shi ne gadon 1908: a tsabtace tsakiyar gari ta hanyar tura talaka gefe, in gefen ya cika a kira shi ƙazami. Kwalarar 2014 ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana, mafi yawansu a Akra, kuma ruwa da masai ne tushenta. Bayan ambaliyar 3 ga Yuni 2015 abin da aka fara turawa unguwar Tsohuwar Fadama katafilar rusau ce.

Yau ba annobar ɓera ce abin tsoro a Nima ba. Tana nan a Madagaska da Kwango, a Madagaska ma ta kama sama da mutum 2,000 a 2017, amma tana da magani in an kama ta da wuri. Kaluluwar da ya kamata a ji tsoro yanzu ita ce marar hayaniya: wadda ta wuce mako uku ko huɗu ba ta sace ba, ko take ƙara girma, ko ta yi tauri ba ta motsi, ko ta zo da gumin dare da rama da zazzaɓin da ba ya yankewa, ko ta fito a wurare da yawa lokaci guda. Tarin fuka na iya zama sanadi, ko ƙanjamau, ko ciwon daji, har da irin wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda Korle Bu ta daɗe tana jinya. Irin wannan ba ta tsagar wanzami ba ce, ta gwaji ce, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnatin Ghana, wata shida ake sha. In mutanen zango na jan ƙafa wajen zuwa, kada a yi saurin cewa jahilci ne. Kakanninsu sun ga abin da nuna kumburi ga hukuma ya jawo. Asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017 da famfo da masai da magudana ya kamata a auna shi, unguwa-unguwa, domin bashin da ake bin birnin Akra ke nan tun 1908, kuma har yau ba a gama biya ba.